Ƙungiyar unguwa da kuɗin ƙaramar hukuma: ta ina ake bi, kuma me ake asara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan birnin Katsina, wajejen Ƙofar Ƙaura. Shekara uku ke nan muna karo-karo muna yashe magudanar ruwa, amma duk damina sai ruwa ya shiga gidaje, ga kwalbatin bakin layi ya rufta. Wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce can hukumar birni ce ke ba ƙungiyoyin unguwa kuɗi su gyara unguwanninsu, har da albashin mai haɗa kan jama'a. Shin akwai irin wannan a ƙaramar hukuma a nan? In akwai, ta ina ake bi? Sannan wasu dattawanmu na cewa ranar da muka karɓi kuɗin gwamnati, ranar ƙungiya ta mutu. Haka ne?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka maku da alheri kan shekara ukun nan, domin na san yadda tara Naira ɗari biyar daga gida hamsin yake cin takalmi da mutunci. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko tsarin da ƙanenka ya gani yana da irinsa a nan, ta wace ƙofa ake neman taimakon hukuma, da kuma ko taimakon zai kashe maku ƙungiya. Na daɗe ina aikin raya al'umma tsakanin unguwannin birni da ƙauyuka, kuma abin da zan gaya maka daga nan ya fito.

Abin da ƙanenka ya gani

Bai yi maka ƙari ba. A 1974 Amurka ta yi dokar da ta kafa wani tallafi na raya unguwanni da ake kira CDBG. Gwamnatin tarayya ce ke fitar da kuɗin, sama da dala biliyan 3 a shekara, ta tura wa manyan birane kai tsaye, galibi masu mutum 50,000 zuwa sama, ƙananan garuruwa kuma su samu ta hannun jihohinsu. Birni ne ke zaɓar abin da zai yi da su, kuma yakan miƙa wani kaso ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, su gyara tsofaffin gidaje, ko su koya wa matasa sana'a, ko su haɗa kan mazauna unguwa. Sai dai kuɗin na zuwa da igiya a wuya. Aƙalla kashi 70 cikin 100 dole ya amfani masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ba a yarda a kashe fiye da kashi 20 kan tsare-tsare da tafiyar da ofis ba. Kuma kafin birni ya taɓa kuɗin sai ya kira taron jama'a a fili, kowa ya zo ya faɗi ra'ayinsa.

Abin da ba kasafai ake ba mu labarinsa ba shi ne tushen da tsarin ya zauna a kai. Birni a can yana karɓar harajin gidaje da filaye, yana da asusunsa, yana da masu binciken kuɗinsa. Ƙungiyar da ta karɓi tallafi kuma sau da yawa ita ce ke fara kashe nata, ta kawo rasit, sannan a biya ta. Wato ko a can ma ba a ba wanda bai riga ya tsaya da ƙafarsa ba.

A nan kuɗin suna ina?

A takarda, aikin da kuke yi da shebur da baro aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa shi da sunansa: gina da kula da tituna da fitilun kan hanya da magudanan ruwa, kwashe shara, makewayin jama'a, maƙabartu, har da sa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba. Ka riƙe wannan da kyau, domin yana canza yadda za ka rubuta takarda. Ba roƙo kuka je yi ba, tuni kuka je yi wa hukuma kan aikinta, tare da tayin za ku ɗauke mata wani sashe.

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, Katsina na da 34 daga cikinsu. Shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙewa, kuma in an cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, abin da ke saura na ayyuka ba shi da yawa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Hukuncin babba ne, aiwatar da shi kuma ya zo da jan ƙafa a faɗin ƙasa. Harajin gidaje da ya kamata ya zama nonon ƙaramar hukumar birni kuwa, kai ma ka sani, gida nawa ne a layinku ke biyansa?

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce: asusun da aka keɓe, mai fom da ranar rufewa, wanda ƙungiyar unguwa za ta nema duk shekara ta karɓi tsabar kuɗi, ba tsarin ƙananan hukumominmu ba ne. Abin da ake samu shi ne aiki a cikin kasafin kuɗi, ko kayan aiki, ko injiniya, ko mota. Kuma in ka tambaye ni, waɗannan sun fi maku alheri a kan tsabar kuɗin.

Mafi kusa da abin da ƙanenka ya gani ya zo mana ne ta Bankin Duniya. Shirin LEEMP, wanda Katsina na cikin jihohin da suka yi shi, da CSDP da ya biyo bayansa daga 2009, sun yi tsarin da al'umma ke zama ta zaɓi aikinta, ta naɗa kwamitin gudanarwa, ta buɗe asusu, ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, da kuɗi ko da kaya ko da ƙwadago, sannan a riƙa sakar mata sauran kashi-kashi, kowane kashi sai an ga abin da aka yi da na baya. A lokacin, hukumar jiha ce ke riƙe da shi, ƙaramar hukuma tana tantancewa. Ban ga tsarin da ya koya wa jama'armu riƙe littafin kuɗi kamar wannan ba. Daga baya wani shirin Bankin Duniyar, NG-CARES, ya ɗauki irin hanyar. A ƙarshen 2024 kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da shirin ci gaban al'umma wanda ya sa jami'ai a mazaɓu 361 na jihar. Jami'in mazaɓarku da kansilanku su ne mutum biyun farko da ya kamata su san fuskarka. Akwai kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, zan zo kansu.

Ku raba aikin gida biyu

Da ni ne kai, misalin da zan kai wa jama'ata ba na Amurka ba ne, na Karachi ne a Pakistan. A 1980 wani dattijo masani, Akhtar Hameed Khan, ya fara aiki a Orangi, wata makekiyar unguwar talakawa da ba ta da magudanar ƙazanta. Bai raba wa kowa kuɗi ba. Ya ce kowane layi, gida ashirin zuwa arba'in, ya zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kuɗin layin. Ƙungiyarsa ta kawo awo da zane da lissafin kaya da aron kayan aiki. Mazauna suka biya na cikin gida da na cikin layi, aka bar wa gwamnati babbar magudana da ke kwashe na layuka duka. Dubban layuka suka yi haka da kuɗinsu.

Abin da ya sa wannan ya dace da Katsina shi ne ruwa ba ya tsayawa a kan iyakar unguwa. Kuna iya yashe kwatarku ta yi tas, amma in wadda za ta karɓi ruwanku a gaba ta cushe da leda da yashi, ruwan dawowa zai yi ya same ku a tsakar gida. To ku zauna ku ware: wane ne namu, wane ne ya fi ƙarfinmu? Yashe kwatar layi, hana zuba shara a cikinta, gyaran bakin da ya zaizaye, naku ne. Kwalbatin da mota ke bi ta kansa, da babbar magudana, da kwashe abin da kuka yaso, na hukuma ne.

Wannan na ƙarshen shi ne inda na fi ganin an yi asarar gumi. Wata shekara na je wani layi ranar aikin gayya, cikin watan Yuni. Samari sun fito tun bayan Asuba, wando a naɗe zuwa gwiwa, wasu ba ko takalmin roba. Zuwa hantsi sun fito da baƙin taɓo da ledar fiyawata da tsummokara, sun jera su tsibi-tsibi a bakin kwata, mata sun aiko da kunu da ƙosai, kowa na murna. Babu wanda ya yi maganar mota. Kwana tara tsibin nan yana nan, awaki na tonawa, yara na tsallakewa. Ruwan farko mai ƙarfi da ya sauka ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Da a ce kafin ranar sun karɓi alkawarin tifa a rubuce, ko sun tanadi kuɗin kura ko a-kori-kura daga cikin karo-karon, da aikin ya zauna. Tun daga lokacin, duk ƙungiyar da ta gayyace ni aikin gayya, tambayata ta farko ita ce: ina za a kai taɓon, kuma da me?

Abin da za ka riƙa a hannu

Ka yi rajistar ƙungiya a sashen ƙaramar hukuma da ke kula da walwalar jama'a, wannan ba shi da wahala. In kuna hangen tallafi daga wajen gwamnati, sai ku yi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, a matsayin ƙungiya mai amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020: tsarin mulki a rubuce, sunayen amintattu, sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani na da ja. Banki zai iya neman takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe maku asusu. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa kuɗi ke fita. Kada kobo ya kwana a asusun shugaba, ko da shi ne limamin unguwa.

Amma takardar da ta fi duk waɗannan aiki ita ce wadda za ku yi da igiyar awo. Ku auna tsawon kwatar da faɗinta. Ku zana layin ko da da biro ne, ku sa alama a kan kowane gida da ruwa ya shiga bara, da tsawon inda ya kai a bango. Ku ɗauki hoto ranar da ake ruwa, ba washegari ba. Ku sa birkila mai gaskiya ya lissafa maku buhun siminti nawa, rodi nawa, yashi da tsakuwa tifa nawa. Ku rubuta abin da kuka tara a shekara ukun nan da inda ya tafi. Jami'in da aka kawo wa takarda mai cewa "muna roƙon a taimaka mana da magudanar ruwa" zai sa ta cikin fayil tare da ɗari irinta. Wanda aka kawo wa mai cewa ga tsawo, ga lissafi, ga namu kashi a banki, ga abin da ya rage, an riga an yi masa rabin aikinsa, kuma yana da abin da zai kare a gaban na sama da shi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kasafin kuɗi daga Janairu yake farawa, kuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa shi. Jama'a kuwa sun fi zuwa ofis cikin Agusta, ruwa na tsiyaya daga riga, a fusace, lokacin da kasafin bana ya riga ya yi nisa. Fushin Agusta ku mayar da shi takarda a Satumba, domin aikin ya shiga na baɗi. Takardar ta bi ta hannun mai unguwa ya sa hannu, ta hau zuwa hakimi, kwafi ga kansila, kwafi ga sashen ayyuka, kuma kowane kwafi a buga maku hatimin karɓa a kan naku. Kada ku zubo kankare a kan hanyar jama'a ba tare da injiniyan hukuma da hukumar tsara birane sun gani ba. Na ga kwalbatin da jama'a suka yi da zuciya ɗaya, bakinsa ya fi kwatar tudu da taƙi guda, ya zama madatsa.

Maganar dattawa

Dattawanku sun ga jiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma na ga askin da idona. Wata ƙungiya da na sani ta yi shekaru tana tafiya lafiya da kuɗin wata-wata. Ana saura 'yan watanni zaɓe wani mai neman kujera ya zo taronsu, ya miƙa wa shugaba ambulan a gaban jama'a, aka yi tafi. Ba a faɗi adadin a fili ba. Kafin sati biyu, adadin da ake faɗa a majalisar mai shayi ya ninka na gaskiya sau uku. Masu biyan kuɗin wata suka daina, suka ce ai an kawo. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka janye, suka ce ƙungiya ta zama ta wane. Aikin ya tsaya a rabi, rodi a tsaitsaye yana yankan ƙafar yara, shugaban kuma, wanda har yau na yi imani bai ci ko sisi ba, ya daina zuwa masallacin layin.

Sai dai ka lura da abin da ya kashe ta. Kuɗin sun zo a dunƙule, a hannun mutum ɗaya, daga mai son a biya shi da ƙuri'a, ba rubutu, ba lissafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya kauce masa. Ku nemi kaya maimakon kuɗi: siminti da rodi ana ƙirga su a gaban kowa, a ajiye su a shagon da makullinsa biyu ne. In ɗan majalisa ne zai yi aikin mazaɓa, madalla, haƙƙinku ne, amma a rubuta abin da zai yi, a karanta a taro, kuma allon ƙungiya kada ya ɗauki hoton kowa. Duk wata a manna lissafi a bangon masallaci, shiga da fita, a kuma tura shi a zauren WhatsApp na unguwa. Wanda yake cikin shugabanni in ya tashi takara, ya ajiye muƙaminsa, wannan ku sa shi a tsarin mulki tun yanzu da babu mai nema, domin in an zo kansa ba zai rubutu ba.

Batun albashin mai haɗa kan jama'a kuwa, a nan na saɓa da tsarin Amurka, kuma ko a can masu wannan aiki sun daɗe suna gardama a kansa. Aikin mai haɗa kan jama'a ya haɗa da tara mutane su je su tsaya a ƙofar ofis su ce ba a yi daidai ba. In ofishin ne ke biyansa, da wane baki zai faɗa? Siminti ku karɓa daga hukuma. Amma kuɗin kati da na mai da ɗan alawus na mai zirga-zirga, da kuɗin buga takarda, su fito daga aljihunku, ko da sun yi kaɗan. Kuma kada ku dakatar da kuɗin wata ranar da taimako ya zo. A ranar ma ya fi kamata a karɓa.

Su wa ke cikin ƙungiyar?

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan tambaye ka. Yawancin ƙungiyoyin unguwa da na sani na masu gida ne, maza, 'yan arba'in zuwa sama. 'Yan haya ba a kiransu sai ranar karɓar kuɗi. Mata kuwa, su ne ke kwarfe ruwa da kwano da tsakar dare, su suka san ta wace kusurwa yake shigowa, su ke aiken yaro ko almajiri da shara, kuma su ne za su iya hana a juye ta a kwata. In ba za su zo taron bayan La'asar ba, ku same su ta Islamiyyar matan aure, su zaɓi nasu wakilai, su riƙe nasu littafi. A wuraren da na yi aiki, kuɗin da mata ke tarawa ya fi zuwa a kan lokaci, wataƙila saboda adashi ya riga ya koya masu. Samari kuma kada a tuna da su ranar shebur kaɗai. Yaron da aka ba riƙon littafin layi ko awon kwata ya samu abin da zai kare, kuma ya yi nisa da ƙauraye. Kowane layi ya samu wakilinsa, domin mutum ya fi sakin kuɗi ga maƙwabcin da yake gani kullum a kan shugaban da ke can ƙarshen unguwa.

Inda shawarata ba ta kai ba

Duk abin da na faɗa yana ƙara maku damar samu ne, ba ya tilasta wa kowa ya ba ku. Kuna iya yin komai daidai, aikinku ya shiga kasafi, shekara ta ƙare ba a saki kuɗin ba. In haka ta faru, sai a sake kaiwa, da kwafin bara mai hatimi a sama. Ni kuma ba lauya ba ne, tsarin mulkin ƙungiya da rajistar CAC ku nuna wa lauya, akwai 'yan unguwa da za su duba maku don Allah.

Akwai kuma matsalar da siminti ba ya magani. A unguwanni da yawa da suka tashi a bayan ganuwa, an yanka filaye an sayar ba a bar wa ruwa hanya ba, an cike kududdufan da a da suke shanye shi, an yi gini a kai. In zanenku ya nuna cewa katangar wani ce ta tare hanyar ruwan, to kun fita daga batun kuɗi kun shiga batun fili da zumunci, kuma mai katangar yana iya zama wanda ya fi kowa ba ku gudummawa. Wannan ba aikin samarin ƙungiya ba ne, kada kowa ya ɗauki diga. Mai unguwa da liman da dattawan nan naku su fara zama da shi a zaurensa, da zanen a hannu, injiniya ya nuna masa ko bututu a ƙarƙashin katangar zai wadatar. In ya ƙi, takarda ta tafi wurin hakimi da hukumar tsara birane, da sa hannun gidajen da ruwan ke shiga, ba da sunanka kai kaɗai ba.